Ƙasar Kawu Bawa

Jiya ina kishingiɗe a zaure ina jin ku, kai Shehu da abokanka, kuna cewa wai sana'ar da na tsufa a cikinta ba sana'a ba ce. Wai jaki ne ke yin aikin, mutum bin sa kawai yake yi da sanda. Ban tanka ba don bakina da goro. Yau na tofar, sai ku zauna ku ji. Ku da kuka tashi kuka tarar da takin zamani a buhu, fari tas kamar gishiri, ba laifinku ba ne in kun ɗauka gona cinye abin da aka ba ta kawai take yi. Ni na yi shekarun da ban ƙirga ba ina ciyar da gonakin mutane, kuma in gaya muku gaskiya, har yau ban gama sanin abin da nake ba su ba.

Na fara bin Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, gemu bai fito mini ba, Turawa kuma ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Gidanmu yana Ƙofar Dundaye, dab da ganuwa. Aikinmu shi ne mu kwashi taki daga jujin gidajen birni mu kai gonakin bayan gari kafin ruwa ya sauka. Kayan aikin ba su da yawa: jakuna, mangala saƙar kaba, kalme na haƙa, kwando na ɗiba, da lauje. Sauran kayan a jikinka suke, wato hanci da hannu.

Jujin farko da aka sa ni a gaba, na wani majemi ne a cikin gari. Tsibi ne guda, baƙi wuluk, ni kuwa na ga banza ta faɗi, na kafa kalme zan fara lodi. Kawu ya riƙe ƙotar, ya ce in naɗe hannun riga in cusa hannuna ciki har gwiwa. Na cusa, na fizge ba shiri, don cikin ya yi zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

"Ka ji?" in ji shi. "Wanga bai nuna ba, Arzika. In ka kai ma mutum shi, ƙone mai gero za shi yi, kai ko a zage ka hab baɗi."

Daga nan na koyi cewa taki iri-iri ne. Kashin awaki ya fi daɗewa a ƙasa. Na shanu sanyi gare shi. Toka tana son jigawa, amma in ta yi yawa shuka sai ta yi ja. Sharar tsakar gida sai ka tsince kasko da ƙashi, in ba haka ba mai gona ya yanke a ƙafa ya tuna da uwarka. Masu gona ma iri-iri ne. Akwai malamin da bai taɓa taka gonarsa ba, amma daga kan buzu zai gaya maka ka rage masa mangala ɗaya. Akwai wanda yake son takin, amma ba ya son jakinka ya bi ta ƙofar gidansa. Duk wannan mai sauƙi ne, kowa ya daɗe zai iya.

Abin da ya bambanta Kawu da sauran masu jakuna wani ɗan fili ne a gindin ganuwa, bayan gidanmu, wanda bai fi a shimfiɗa tabarmi kaɗan ba. Uwa ake ce masa. Tun zamanin kakansa ba a shuka komai a wurin sai wake. Idan gonar mutum ta gaji, aka zuba mata taki ta ƙi tashi, sai a zo wurin Kawu. Shi kuma ya ɗebi ƙasar Uwa a mangala, ya je ya cuɗa ta da irin wake, a shuka tsakanin gero. Sharaɗinsa ɗaya ne. In kaka ta yi, harawa da lauje za a yanke ta, ba a tuge ta, saiwa ta zauna a ƙasa. Shekara ta zagayo sai ka ga geron wurin ya yi duhu, zangarniya ta yi nauyi. Abin da aka ɗiba a Uwa kuma a mayar mata da ƙasar jigawa, ta kwana biyu a cikinta ta zama ita.

Idan ka tono saiwar waken irin wannan gona za ka ga 'yan gudaji a manne da ita, kamar ƙwayar dawa. Ka fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar nama. Kawu yana ganin jan sai fuskarsa ta saki. Ni kuwa da na fara gani na ɗauka ciwo ne, na tambaye shi mene ne.

"Abincin ƙasa na," ya ce.

Wani lokaci na sake tambaya, ya ce ajiyar wake ce, kamar rumbu. Wata rana kuma ya ce ai kamar nono ne: Bafillatana ba ta samun kindirmo sai ta zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara. Na ce to mene ne a cikin tsohon nonon? Ya dube ni ya ce in je in tambayi Bafillatana, jaki na jira na. A lokacin na ɗauka ɓoye mini sirri yake yi, har na riƙa jin haushi. Sai da na girma na gane shi ma iyakar abin da aka ba shi ke nan.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Ba zan tsaya ba ku labarin yunwar ba, kakarku ta fi ni iya ba da shi, kuma ba na son sa. Abin da ya shafi sana'a shi ne dabbobi sun ƙare. Wanda bai mutu ba an yanka, wanda ba a yanka ba an sayar. Babu akuya, ina za a samu kashin akuya? Jujin birni ya koma toka da ƙura. Jakunanmu suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, sai wata tsohuwar jaka mai yagaggen kunne ta rage. Da ruwa ya dawo, gonaki sun rame, taki babu, abin da ya rage a hannun Kawu wanda mutane ke nema shi ne ƙasar Uwa. Da ita muke ci, da ita ake sallama da shi a ƙofar gida. Ya riƙa ɗibarta da tafin hannu kamar mai awon gishiri.

A wannan tsakanin ne aka kawo wani Baturen gona. Sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka sa masa Tsugunau, don ba ka ganin sa tsaye. Kullum yana tsugune a gindin shuka yana tono da ɗan yatsa, wuyansa ya yi ja kamar gauta. An yanka masa fili wajen Mabera, lokacin duk jeji ne da gonaki, aka kewaye da ƙaya. Aka nemi mai jaki ya kai masa toka, ni na samu aikin.

Wani wake ya zo da shi daga wata ƙasa mai nisa, ƙanana, masu launin ƙwai. Tafintansa ya ce a can ƙasar waken nan shi ne nama, shi ne mai, kuma yana gyara gona. An shuka shi a layi da igiya, an yi masa noma kamar ɗan sarki. Ya tsiro lafiya, sannan ya tsaya. Ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa, kara siriri. Ina sauke toka wata rana na ga Tsugunau ya tuge ɗaya, ya kakkaɓe saiwar, ya juya ta, ya yi wurgi da ita yana wata magana da ba sai an fassara ba. Na ɗauki saiwar na duba. Sumul take, ba gudaji ko ɗaya.

Na ce wa tafinta, "Hwaɗa mai waken ga nai bai da 'yan gudaji. Namu shina da su."

Tafinta ya yi kamar ba zai faɗa ba, sannan ya faɗa. Tsugunau ya miƙe tsaye, ranar na san dogo ne. Ya ce in kawo masa ya gani. Washegari na tono saiwa ɗaya a Uwa, da izinin Kawu, na kai. Mutumin nan ya karɓe ta da hannu biyu. Ya fasa gudaji ɗaya, ya ga ja, ya yi dariya har da buga cinya. Ya ja ni cikin bukkarsa inda yake da wani madubi mai bututu a kan tebur. Ya matse ruwan gudajin a kan ɗan gilashi, ya ɗiga wani abu, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa.

Na leƙa. Da fari haske kawai na gani da gashin idona. Can sai na ga wasu abubuwa kamar dusa a kan ruwa, suna rawa-rawa. Ko su ke motsi, ko ruwan ne, ko hawayen idona ne, wallahi ban sani ba.

Tafinta ya ce, "Yana cewa waɗannan halittu ne masu rai. A cikin saiwar suke zaune. Wake ya ba su masauki, su kuma su ɗebo abinci daga iska su ba shi, abin da ya rage ya zama na ƙasa."

"Daga iska?" na ce. "Suna cikin ƙasa, ƙasa cikin saiye, su ɗebo abinci ga iska? Da wane hannu?"

Tafinta ya ce shi ma iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Na ce to in Bature ya san su haka, me ya hana shi kiran su su shiga nasa waken? Aka fassara. Tsugunau ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe tafin hannu. Na koma gida kaina ya ɗaure. Ga wanda ya san sunansu ya kasa kawo su, ga Kawu da yake kawo su bai ma san akwai su ba. Da na ba Kawu labari, ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce in dai baƙi ne ba su taɓa yi masa ɓarna ba, kuma shi bai ga dalilin leƙa ɗakin baƙo ba.

Tsugunau ya roƙi ƙasar. Kawu ya yi jinkiri, don ta yi ƙaranci, amma ya cika mangala guda ya ce in kai, kada a ce mun hana baƙo. Na juye ta a gefen gabas na filin, gindin wata kurna, aka cuɗa da sabon iri aka sake shuka. Muka zuba ido, ni da Bature muna tsugune kamar masu jiran haihuwa. Waken ya fito, ya yi ɗorawa kamar na farko. Aka tuge, saiwa sumul. Tsugunau ya ce wataƙila halittun namu ba su san waken nasa ba. Kawu ya ce wataƙila waken ne mai girman kai. Ni na rasa wanda zan bi, don maganar tasu kusan ɗaya ce.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma Tsugunau mutum ne mai son nuna abin da ya gani. Duk leburan da ke filin sai da ya sa su leƙa bututun nan, yana gaya musu daga gonar wani tsoho na Ƙofar Dundaye aka samo. Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta gama unguwa: ƙasar Bawa akwai abu mai rai a ciki, yana shiga saiwa ya zauna. Ba ƙarya suka yi ba, abin da aka ce musu ke nan. Amma ku tambayi kowane manomi abin da ya sani mai rai da ke shiga saiwa. Gara ce, tsutsa ce, ko ƙuduji mai shanye gero. Ba wanda ya taɓa jin mai shiga saiwa don alheri. Ga mutane sun fito daga yunwa, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma gudu yake. A daminar kuma tsutsa ta taɓa geron wasu, ciki har da na maƙwabcinmu Ɗan Ige, wanda Kawu ya kai wa ƙasa da hannunsa.

Aka tara mu a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Ɗan Ige ya zo da saiwar wake a hannu yana nuna wa jama'a gudajin, waɗanda ya shekara yana gani bai ce komai ba.

"Ku duba ƙwansu!" yake cewa. "Mu muna ba shi hatsi, shi shina zuba muna ƙwari ga gona!"

Mai unguwa ya ce, "Bawa, tsakaninka da Allah, akwai abu mai rai cikin ƙasag ga taka?"

Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, ban sani ba. Abin da ni sani, kakana ya kai ta gonakkin kakanninku, kun ci kun ƙoshi."

"Kai Arzika, an ce ka leƙa. Mi kag gani?"

Na ce na ga wani abu kamar yana motsi. Aka ce yana motsi ko ba ya motsi? Na ce kamar dai yana yi. Aka ce mai amfani ne ko mai ɓarna? Na ce Bature ya ce mai amfani ne, daga iska yake ɗebo abinci. Wurin ya ɗauki dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Wani ya ce in mai amfani ne, me ya sa gonar Baturen ta fi ta kowa lalacewa, alhali an kai mata mangala guda? Liman ya ce halittun Allah sun fi abin da ido ke gani yawa, kada a yi gaggawa. Aka ce to ko za a kai ƙasar gonarsa bana? Ya ce shi gonarsa ba ta gaji ba tukuna.

Aka yanke cewa a ƙone Uwa. Ba da mugunta suka yi ba, tsoro ne, kuma da ni ne a wurinsu ban san abin da zan ce ba. Suka tara kara da ƙaya a kan filin suka cinna wuta. Da ta mutu suka haƙe ƙasar har sai da suka kai ga jar laka, suka ce a zubar a gulbi. Unguwar duka ba jaki sai tamu mai yagaggen kunne, don haka da ita aka kwashe, ni ne kuma na kora ta. Kawu yana zaune a gindin ganuwa yana kallo. Da na dawo sawun ƙarshe abin da ya ce kawai shi ne in ba jakar ruwa.

Daga ranar ba wanda ya sake sallama da shi don gona. Dama idonsa ya fara rauni, sai ya ƙarasa makancewa, ya koma zaman zaure. Ba ya ƙorafi. Amma in hadari ya haɗu sai ka ga yana murza yatsunsa kamar mai cuɗa iri. Ni na ci gaba da jigilar toka da ɗan takin da ya fara samuwa, ina jin kaina kamar mai sayar da miya ba gishiri. Tsugunau kuma aka ɗauke shi zuwa wani gari, ya tafi da bututunsa. Filinsa ya koma saura, ƙayar ta zube, awaki na ratsawa.

Damina ta gaba ina wucewa ta wajen da jaka, na hango kurnar nan, sai na tsayar da jakar. Mangala guda na juye a gindinta, kuma ba wanda ya tuna da ita ranar ƙuna, har ni. Ban gaya wa kowa ba. Na samo irin wakenmu na gida na shuka a gindin kurnar. Irin ya yi saura a hannuna, na ƙi in mayar, sai na ƙarasa shi can gefen yamma, nesa, inda ƙasarmu ba ta taɓa zuwa ba.

Da wake ya fara fure na je da kalme. Na tono na gindin kurna a hankali, na kakkaɓe. Ga gudaji nan reras, manya. Na fasa ɗaya, ja. Na zauna a ƙasa na yi hamdala, ina jin kamar an dawo mini da mamaci. Zan tafi ke nan sai na ce bari in duba na yamma, don in ga bambanci in ji daɗi. Na tono. Ga gudaji. Na fasa, ja. Ba su kai na kurna yawa ba, ko kuwa sun kai, idona ne ke son kada su kai. Na tsaya da saiwa a kowane hannu, rana na dukana. In suna nan ko ba mu kawo su ba, to me muka yi ta ɗauka a bayan jaki tun zamanin kakan Kawu? Me aka ƙone? Me aka zubar a gulbi?

Na tarar da Kawu a zaure. Na durƙusa na sa masa saiwar kurna a hannu. Ya bi ta da yatsu daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan gudaji, ya sa farce ya fasa, ya kai hanci.

"Ja na?"

"Ja na, Kawu."

"Daga ina?"

"Gindin kurnar Bature. Mangalan nan da kac ce in kai."

Ya sake shafa saiwar. "Ashe ba ta mutu ba," ya ce. Ya sake cewa, "Ashe ba ta mutu ba." Sannan ya juyo da fuskarsa wajena. "Mi ka ɓoye ga ɗayan hannun? Ina jin ƙamshin ɗanyar ƙasa ta nan ma."

Na miƙa masa. Ya shafa ta kamar ta farko, ya fasa, ya shinshina.

"Wagga hwa?"

"Daga yamma ta, Kawu. Inda ban zuba komi ba."

Ya riƙe su biyun, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana aunawa kamar mai sayen kaza. Na jira ya ce mun yi aikin banza, ko ya ce ƙarya nake yi. Can sai ya yi wata 'yar dariya da rabona da jin ta tun kafin yunwa.

"Ashe ta iya tahiya da ƙahwarta," ya ce. "Shekara da shekaru muna goyon mai ƙahwa."

"To, Kawu, mu bari ke nan?"

"Wa yac ce a bari? Gobe ka ɗaura ma jaka mangala ka ɗebo ta gindin kurna, ka zuba inda anka haƙe. Mai ƙahwa ma ba shi ƙin a rage mai hanya."

Da safe na ɗaura.